Dalilin Da Ya Sa Ba Ki Ga Teku Ba

Lewisham, Landan
15 ga Satumba, 1991

Zuwa ga kakata, Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kin isa Gusau lafiya, gajiyar hanya ta sake ki, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mu nan duk lafiya lau. Umma ta koma aikin asibiti, an buɗe makaranta, ƙanwata Khadijatu kuma har yanzu a ɗakin da kika zauna take kwana, wai ƙanshin turarenki bai fita ba. Na san Inna Zaratu ce za ta karanta miki wannan takarda. Inna, don Allah ki bari sai kuna ku biyu.

Kaka, maganar ranar Lahadin nan ce da muka tashi zuwa Margate, garin nan na bakin teku. Tun ranar da kika sauka kike cewa burinki ɗaya a ƙasar nan, ki tsoma ƙafarki a ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ni ce na riƙa ba ki labarin yashi, da lilon da ke kai mutum sama, da dawakan katako masu juyawa, har kika ce in dai Khadijatu ta hau, ke ma sai kin hau. Muka shiga bas zuwa Bromley, daga can muka kama jirgin ƙasa. Saboda ba ki zama wuri ɗaya da surukinki, Baba ya ja Khadijatu zuwa taragon gaba, ya bar ni da ke a na bayansa. Ya ja mini kunne cewa kada mu matsa ko'ina, domin jirgin yana rabuwa biyu a Faversham, gaba ya nufi teku, baya ya kama wata hanya. Na ji shi sarai.

Ba mu yi nisa ba sai ga 'yan ajinmu biyu, Donna da Karen, sun shigo taragonmu da kayan wanka a jaka. A lokacin kin cire takalmi kin naɗe ƙafa a kan kujera, kina ɓare goro, butarki tana leƙowa daga leda. Na tuna yadda suka taɓa yi mini dariya wata guda saboda lallen da na sa da Sallah. Sai na ce miki wurin nan na masu shan taba ne, mu koma baya. Ƙarya na yi, Kaka. Kika tashi da gwiwarki mai ciwo, na yi ta jan ki tarago bayan tarago, ban ƙirga ba, ni dai in yi nesa da su. Da aka yi sanarwar rabuwar jirgin a lasifika, hankalina yana kan ƙofa, kada su biyo mu.

Sauran kin san shi. Rabin jirgin na baya ya tafi da mu wata hanya, har mai duba tikiti ya sauke mu a wata ƙaramar tasha da babu komai sai gonaki da tumaki. Muka yi zaman jiran jirgin da zai mayar da mu Faversham, kika yi azahar a kan mayafinki, kika buɗe dambun naman da kika tanada don bakin ruwa kika ce in ci. Baba kuma ya je Margate, ya dawo, ya sake komawa neman mu, bai gan mu ba sai bayan la'asar a Faversham, idonsa ja wur. Da ya juyo kaina, sai kika sauke mayafi kika yi magana da shi kai tsaye, abin da ban taɓa gani ba. Kika ce ke ce kika matsa mu tashi, wai kina hango ƙeyarsa ta gilashin ƙofa, kunya ta hana ki sakewa. Baba ya sunkuyar da kai ya ba ki haƙuri. Ni kuwa na bar laifin a kanki. Bayan kwana uku kika tafi, ba ki ga teku ba.

Abin da ya fi damuna, a hanyar komawa kin tambaye ni a hankali ko 'yan matan nan masu jan gashi suna da ƙoƙari a aji. Ashe kin gan su. Ashe kin sani, ba ki ce komai ba.

Jiya bayan azahar na faɗa wa Baba gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba shi na yi wa laifi ba, in ɗauko takarda in rubuto miki. Kaka, na ji kunyarki a gaban mutanen da ko sunana ba su iya faɗa daidai ba, ke kuma kika ajiye taki kunyar don ki rufa mini asiri. Ki yafe mini.

Hotonki da muka ɗauka a tashar bas, wanda kike riƙe da butar, na liƙa shi a bangon littafina na lissafi. Ranar Juma'a Donna ta tambaye ni wace ce. Na faɗa mata kakata ce.

Ki gaishe mini da Inna Zaratu, da Kawu Almu, da Gwaggo Rukayatu da yaranta. Umma da Khadijatu suna gaishe ki. Baba ma ya ce a gaishe ki, daga nesa kamar kullum.

Jikarki mai neman gafara,
Shafa'atu