Baba Ya Ƙi Shuka

Yaya Hamidu,

Ina gajiya, ya sanyin ƙasar mutane? Ya Zinatu da yara? Mu nan Gaya sai godiya.

Bidiyon da ka turo, wai rana tana aman wuta bana, za ta hana damina, Baba ya kalle shi sau uku. Ruwa ya sauka, maƙwabta sun shuka, shi ko ya mayar da irin hatsinsa rumbu. Na ce, "Baba, masanan ma ba su ce haka ba." Ya ce, "Hamidu ya fi ki kusa da su."

Shekara biyar a jami'a, ga ladata. Na gaji. Kira shi kafin ƙasa ta bushe, ka ce ya shuka. Muryarka yake ji.

A sa mu cikin addu'a. Gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Rakiya