Gidan Kurma

Zuwa ga ƙanena Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Hadiza da yara, ya zaman bariki? Mu nan Jega lafiya lau, albasa ta yi kyau bana.

Mun ji an ɗora ka kan sojojin igwa, Allah ya riƙa. Ka tuna damben da kake yi a makaranta in an kira ka ɗan Gidan Kurma? To, ranar sunan ɗiyata Gwaggo Asabe ta zo daga Maiyama ta gaya mana asalin sunan. Kakan Baba ne Sarkin Bindiga zamanin yaƙin Gwandu da Kabi. Irin babbar bindigarsu takan fashe ta kashe mai kunna ta, sai ya hana mutanensa taɓa ta, shi ke sa mata wuta da hannunsa. Gwaggo ta ce, "Duk wanda ya fita da shi ya dawo gida, shi kuwa kunnuwansa kaɗai ya baro can."

Da Baba ya ji haka, sai ya ce in rubuto maka: ka tsaya inda mutanenka suka tsaya.

Ka gaida Hadiza, ku sa mu a addu'a. Kuma don Allah ka riƙa toshe kunne, Kurma ɗaya ya ishe mu.

Yayarka,
Sa'adatu