Me Ya Sa Nake Riga Ki Shan Ruwa

Zuwa ga ɗiyata Zainabu, takwarar mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mamarki da mutanen gidan da kuke a Dakar.

Uwata, na saurari muryarki a salula. Kin ce ba a yi adalci ba: kina azuminki na fari, ni a Gaya na sha ruwa, ke kuwa rana na sama. A ranar ban ba ki amsa ba. Ga ta yanzu.

Ki samo lemo ki ɓare. Kin ga layukan da suka taso daga kansa suka sauka gindinsa? Haka masana suka zana wa duniya layuka daga arewa zuwa kudu, suka ba kowane lamba. Ba a ganinsu a ƙasa, sai a taswira. A lakkol, wato makaranta, za a ce miki sunansu lonjitud. Layin sifiri ya ratsa ta Gana. Ni ina gabas da shi, ke kina yamma.

Duniya kuwa juyawa take yi ta nufi gabas, shi ya sa rana ke fara fito mana, ta kuma fara faɗuwa. Kowane layi goma sha biyar awa guda ne. Tsakaninmu akwai kamar ashirin, wato fiye da awa guda.

Kawunki direba, in ya haye gadar Malanbil da ke nan bakin iyaka ya yi kudu har Kwatano, kusan tare muke buɗa baki, don bai bar layinmu ba sosai. Ke ce aka kai yamma.

Kin tuna sanda muke zama bakin kogi da la'asar, kina cewa rana ta tafi wanka? Wajenki take zuwa.

In an kira magariba nakan ci dabino, in yi salla, in rufe tuwon. Sai na ƙiyasta kin sha ruwa nake buɗe kwano. Ya huce, amma ya fi shiga.

Abu guda nake roƙo. Saƙonki rabinsa Faransanci ne. Ki riƙa yi mini da Hausa, ko da kin yi tuntuɓe.

Allah ya raya ki, ya karɓi azuminki, ya sa in gan ki kafin ki fi ƙarfin ɗauka.

Naki,
Babanki