Maganin Goggo da na zubar a bayan randa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gida.

Har yau ina jin ƙamshin citta da kanumfari na wata safiya, shekara biyu ke nan. Ina kwance a ɗakin Goggo a Ƙofar Gayan, yayar babana ce, ita ta raine ni. Mura ce ta kama ni har ƙirjina na ciwo. Ta dafa ganyen darbejiya, ta lulluɓe ni da bargo na yi sirace, sannan ta tace haɗinta na citta, masoro, kanumfari da ɗan ruwan darbejiyar, ta miƙo min a kofin silba. Ɗacin ya fi ƙarfina. Tana juya baya na tuttular a bayan randa, kwana biyar ina haka. A rana ta uku na ce zan je lakca, na wuce asibiti, likita ya ce abin ya sauka huhu, ya rubuta min magani na riƙa sha a ɓoye.

Da na warke, murnar da na gani a fuskarta ta sa na kasa faɗin gaskiya. Har ƙari na yi, na ce mata tun kurɓar farko na ji kamar an buɗe taga a ƙirjina. Duk wadda ta shigo sai ta maimaita mata, ta ce, "Ku tambayi 'yar boko, da bakinta ta faɗa."

Yanzu ita ce a kwance. Sati uku tana tari, ta rame, numfashinta har ƙara yake yi. Na roƙe ta mu je asibiti ta ƙi, wai abin da ya tashe ni shi zai tashe ta. Da na matsa sai ta yi dariya ta ce, "Uwata, ko kin manta da tagar ne?"

Ban raina haɗinta ba, yana sauƙaƙa ƙaramar mura. Amma wannan ya wuce mura, kuma ƙaryata ce ta tsare ta a ɗaki. In zauna in faɗa mata da bakina, bayan ta gama alfahari da ni a gaban matan unguwa? Ko in fara gaya wa Baba? Da wace kalma ake fara irin wannan magana?

Jiya da nake neman katinta na asibiti Baba ya ce ai ta daɗe da yar da shi. Ashe a da duk damina tana zuwa a duba mata ƙirji. Satin da na warke ta daina.