Rasuwar Baba Mai Guduma da Fankar Ɗakin Niƙa

Cikin alhini, da kuma ɓacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Masana Sinadaran Duwatsu ta samu labarin rasuwar ubanta kuma tsohon Shugabanta, Shehin Malami, Babban Mai Bincike a sashen duwatsun tsohuwar teku na cibiyarmu, wanda babba da yaro suka fi sani da Baba Mai Guduma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya cika a gadon asibiti da robar iska a hancinsa, bayan shekaru yana fama da ciwon huhu, ya bar mai ɗakinsa da 'ya'ya da jikoki.

Marigayin ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana bin gefen tsaunuka da ramukan fasa dutse, yana neman wani siririn layi fari-fari da kaurinsa bai wuce yatsa ba, a tsakanin baƙaƙen duwatsun da suka taɓa zama laka a ƙarƙashin teku. Layin nan tokar dutse mai aman wuta ce da ta zuba cikin ruwa tun zamanin da babu mai ba da labarinsa, kuma daga sinadaran da ke cikinta ake gane shekarun duwatsun da ke samanta da na ƙasanta. Inda wani zai ga farar ƙasa ya wuce, nan Baba yake durƙusawa, ya murza ta a yatsu, ya ce wa ɗalibi ya daina kallon sama, teku tana ƙarƙashin takalminsa. Ya yaye Daktoci da Shehunan Malamai masu yawa, kuma dukansu shaida ne cewa ya fi sauƙin ba da aron motarsa a kan ya ba da aron gudumarsa.

Ga wanda bai san sana'armu ba, kafin a auna tokar nan sai an niƙa dutsen ya fi garin fulawa laushi, a ɗaki rufe ruf, domin ƙurar waje ko ƙanƙanuwa ce ta shiga garin, aikin shekara ya tashi a banza. Shi ya sa ba a buɗe taga, shi ya sa kuma aka kafa babbar fanka mai zuƙe ƙurar niƙa ta fitar da ita waje. Fankar nan ta mutu tun shekarun baya. Baba ya yi ta hawa bene yana sauka kan maganar gyaranta, har masinjojin ofis suka riƙa gane shi da tarinsa kafin ya ƙaraso ƙofa. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, daga ƙarshe Mai Girma Babban Darakta ya ba da shawarar a riƙa buɗe taga. Daraktan cibiyar bincike ke nan! A tsakanin nan kuwa an canza wa ofishinsa labule da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, ba a ji an kafa kwamiti ba. Baba ya ƙi ya ɓata aikin ɗalibansa, ya ɗaura takunkumi, ya rufe ƙofa, ya ci gaba da niƙa.

Saboda haka wannan Ƙungiya ta yi watsi da sanarwar Hukumar Gudanarwa, wadda ta ce marigayin ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. A tambayi Mama, mai ɗakinsa, wadda ta shafe shekaru tana jera masa filo domin ba ya iya kwanciya, in gajeruwa ce. Likitocin da suka duba shi sun faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa garin dutse ne ya cinye masa huhu. Mun yi imani kwanansa ne ya ƙare, ba mu ja da ikon Allah. Amma ƙarewar kwana ba ita ta hana a gyara fanka ba, kuma kunya ta kama mu a madadin waɗanda suka zauna a sahun gaba wajen gaisuwa suna share ido.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Mama, da 'ya'ya da jikoki, da ɗaukacin ɗalibansa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sa wahalar numfashin da ya sha ta zama kankarar zunubi, ya ba iyalinsa haƙuri da juriya.

Abin da ya rage shi ne rayayyu. Ɗalibarsa ta farko, Babbar Mai Bincike kuma uwar 'ya'ya uku, wadda yake tsokana da Dakta Rariya, ita ta gaji ɗakin nan, kuma duk wanda ya zauna kusa da ita ranar jana'iza ya ji irin tarin da take yi. Washegari ta koma bakin injin niƙa, wai kada aikin Baba ya tsaya. Mun je mun same ta, mun karɓe makullin ɗakin daga hannunta tana kuka, mun kai ta asibiti. Daga yau babu ɗan Ƙungiyar nan da zai sake tada injin niƙa sai fanka ta juya. Idan Hukuma tana gaggawar sakamako, makullin yana wurinmu: Mai Girma Babban Darakta ya zo ya karɓa, ya shiga ya rufe ƙofa.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Shugaba da Majalisar Zartarwa,
Ƙungiyar Masana Sinadaran Duwatsu.