Unguwa ta riga ta sa mata Lokotoro

Malama Tabawa, ki taimaka mini da shawara, don na gaji da magana da kaina.

Ɗiyata Asiya ta samu bak, jarrabawar gama sakandare, a bana, seri D na kimiyya, amma sai a zagaye na biyu, da passable, wato ci da ƙyar. Lissafi da fizik ne suka ja ta ƙasa. Duk da haka ta kafe sai ta kai dosiye, takardun neman gurbi, sashen likitanci na jami'a a Yamai. Tun tana firamare mutanen unguwarmu a nan Agadez suke ce mata Lokotoro, wato likita, saboda ita ke ɗaure wa ƙannenta ciwo. Ranar da sakamako ya fito, mata suka cika gidan da guɗa, ba wadda ta tambayi moyenne, wato makinta, nawa ce.

Ni na san wannan hanya. Na ci bak C na lissafi da mention, wato da yabo, da zan tafi jami'a aka yi mini rakiya har tasha ana kirana Injiniya. Yajin aiki da shekarun da aka soke suka cinye karatun, mahaifina ya rasu, na dawo hannu wofi. Yau injin ban ruwa nake gyara wa masu lambun albasa, gashina ya yi fari, har yanzu Injiniya ake ce mini. Wasu da girmamawa, wasu ina jin dariyar a ciki. In mai mention ya ƙare haka, ina ga mai passable?

Abin da na gaya mata ke nan, na ce da wannan sakamako ko ƙofa ba za a buɗe mata ba. Ba ta yi musu ba. Amma tun ranar, ƙanwarta ke kawo mini shayi, ba ita ba. Uwarta ta ce baƙin cikina nake ɗora wa yarinya. Ni kuwa ba na so ta tsufa da sunan aikin da ba ta yi ba. Lokacin ajiye dosiye ya kusa ƙarewa. In bar ta, ko in hana?

Wani uba, Agadez

Malam, sannu da haƙuri. Ba ka yi ƙarya ba: gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma darussan da suka ba Asiya wuya su ake fara dubawa. Tana iya rasawa, ya kamata ta sani. Amma gaskiyar uwarta ma tana nan. Kai ba rashin ƙoƙari ya tsayar da kai ba, zamani ne. Ita ba a ma gwada ta ba tukuna.

Ka bar ta ta kai dosiyen. In jami'a ta ƙi ta, za ta yi kuka ta tashi. In kai ka hana, da shi za ta riƙe ka har girmanta.

Sai dai kada ta tafi da ƙofa ɗaya. Ku nemi ɗalibin da ke sashen yanzu ya faɗa muku yadda ake zaɓe, kada ku dogara da jita-jita. Ta nemi ungozomanci, ko aikin jinya, ko na labo, ɗakin gwaje-gwaje, a lokaci guda, ta je asibiti ta ga masu yin su da idonta. Kafin amsa ta fito, ka zauna da ita kan lissafi da fizik. Duk gidan, wa ya fi mai bak C iya wannan?

Batun suna kuwa, ba ka iya rufe bakin unguwa, amma gidanka naka ne. Ka gaya wa iyali a daina Lokotoro sai ranar da ta tabbata. Ka kuma gaya wa yarinyar da bakinka cewa ko da takarda ta dawo ko babu, Asiya za ka je tarba a tasha. Ina jin ba a gaya maka haka ba ranar da ka tafi.

Allah ya zaɓa mata mafi alheri, ya sanyaya zuciyarka.

Tabawa