Ranar da Na Tsayar da Agogo

Asabar, 11 ga Janairu

Mun sake faɗuwa. Da maki biyu. Tir!

Saura daƙiƙa goma sha ɗaya, ƙwallo a hannun jikata Jalisa, ga Koci Tillery da hutun shawara har biyu da ba ta taɓa ba. Ko jariri ya san abin yi: a tsayar da agogo, a tara yara, a zana wa kowa inda zai tsaya. Ita kuwa sai ta harɗe hannu a ƙirji kamar mai jiran motar haya. Yara suka ruga a guje, aka jefa, ƙwallo ta daki bakin kwando ta dawo. Matar ta tattara hutunta biyu ta tafi gida da su. Ko miya za ta yi da su, oho.

Shekara arba'in ina kallon ƙwallon kwando a kwalejin nan, kujerata na bayan bencin 'yan wasa tun mijina marigayi Otis na da rai. Ban taɓa ganin rowa irin wannan ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Bayan majami'a Jalisa ta zo ta cinye mini soyayyar kaza da burodin masara. Na ce, "Gajeriya, kocinku ajiyar hutun nan take yi don ranar aurenta?"

Ta ce, "Kaka, in ta tsayar, su ma ta ba su hutu ke nan su shirya tsaro. Gara mu far musu tun ba su natsu ba. Ta ce in yarda da idona."

"Wane idon? Wanda bai ga kwanukan da ke jiran wanki ba?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Shekararta ta ƙarshe ke nan. Ƙungiya takwas ke shiga gasar watan Maris, mu ne na tara. In ba mu hau ba, ɗaya ga Maris za ta tuɓe rigar nan har abada. Tun tana shekara shida take fasa mini tukwanen fure da ƙwallo don wannan gasa.

Laraba, 22 ga Janairu

Na ritsa Tillery a kanti, wajen kayan lambu. Na ce, "'Yata, in hannunki ne ke ciwo, ni sai in riƙa tsayar miki." Ta yi murmushi ta ce, "Mama Odessa, ai muna jin ki sarai." Wai har da taya ni ɗaukar kwando. Ladabin ma haushi ya ba ni.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun ci da maki goma sha biyar. Ba dabarar Tillery ba ce, waɗancan ne ragwaye.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ban so rubuta wannan ba.

Masu jajayen riguna suna gabanmu da maki ɗaya. Saura daƙiƙa takwas suka jefa, ba ta shiga ba, Jalisa ta yi tsalle ta cafe. Na dubi Tillery: hannu a harɗe. Sai jinina ya hau. Na miƙe da muryar nan tawa, wadda Fasto ke cewa ba ta bukatar lasifika, na ce, "Jalisa Renée! Tsayar!"

Cikakken sunanta na kira. Tun tana rarrafe, in ta ji shi haka daga bakina, sandarewa take yi ko wuta za ta taɓa. Ta kuwa sandare. Ta juya ga alƙalin wasa ta nemi hutu, ya busa usur.

A lokacin na hango Maddie, doguwar yarinyar nan tamu. Ashe ta riga ta kai ƙarƙashin kwandonsu, ita kaɗai, hannuwa a sama, ba ko inuwar mai jar riga kusa da ita. Jifa ɗaya kawai.

Aka tara yara, aka yi zane-zanen da na shekara ina roƙo. Su ma can suka tara nasu, suka sako wasu zaratan 'yan mata biyu kamar turakun lantarki. Aka dawo, suka rufe ko'ina. Ko jifar kirki ba mu samu ba.

Ernestine, ƙawata ta ƙungiyar mawaƙan majami'a, ta sauke ni a ƙofar gida ta ja motarta, ko sai da safe babu. Ernestine fa!

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jalisa ba ta zo cin abinci ba. Ubanta Curtis ya zo shi kaɗai, ya ce ta faɗa wa koci da 'yan jarida wai ra'ayin kanta ne, tsoro ne ya kama ta. Ya ce, "Mama, ko sunanki ba ta ambata ba." Na ce to wa ya tambaye shi? Kazar ta yi gishiri da yawa. Na ba karen maƙwabta.

Amma dai da Tillery na tsayarwa kamar sauran mutane, da ban saba ihu ba. Wannan ma a rubuta.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na gasa kek ɗin dankali na kai ofishin Tillery. Ba ban haƙuri na je ba, bayani na je yi. Na ce, "Yarinyar nan ƙarya ta yi miki. Ni ce."

Ta ce, "Na sani, Mama. Har mai sayar da gugguru a ƙofar waje ya sani."

Na ce kada ta zaunar da ita a benci ranar Asabar saboda tsohuwa mai dogon baki. Ta ce Jalisa za ta buga, ba wannan ne damuwarta ba. "Kwana biyu ke nan a atisaye, in ta kama ƙwallo sai ta waiwaya gefe tana jiran a faɗa mata. Shekara huɗu na yi ina raba ta da waiwayen nan."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta yanka kek ɗin, ta ce kirfa ta yi kaɗan. Ji mace!

Asabar, 1 ga Maris

Yau ranar karrama masu gamawa. Ni da Curtis muka raka Jalisa tsakiyar fili, aka ba ta furanni. Ta riƙe hannuna, amma ba ta dube ni ba.

Wasan kuwa sai da ya kai mu inda nake tsoro. Suna gaba da maki ɗaya, saura daƙiƙa goma, ƙwallo ta faɗo hannunta. Tillery ko motsi. Mutanen bayanmu na ta kururuwa a tsayar, Ernestine na zungura ta da gwiwar hannu. Sai yarinyar ta waiwayo. Ba kocinta ta duba ba. Ni.

Na sunkuyar da kai ina duban takalmina. Akwai wani ɗan datti a jikinsa da ya daɗe yana damuna.

Saboda haka ban ga tashinta ba. Sai ihu na ji, zauren kamar zai rufta. Curtis ya ce ta ratsa tsakanin biyu, ta yi kamar za ta miƙa wa Maddie, suka bi Maddie, ita ta jefa a kwando da kanta. Gajeriya! Mun hau na takwas.

Ta zo jiƙe da gumi ta rungume ni, ta ɓata mini rigar majami'a. Ta ce, "Kaka, lafiya? Ban ji ki ba." Na ce maƙogwarona ke ciwo tun safe, ta matsa can, wari take yi.

Gasar ranar Alhamis za a fara. Na ce wa Curtis ya nema mini kujera can sama, layin ƙarshe. Ya ce, "Mama, matakala sittin ce fa." Na ce an fi ganin fili daga can. Dalilin ke nan, ba wani ba.